Lachlan Macquarie: ɗan sarauta ne ko ɗan talaka, kuma ina jikokinsa?

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara sani. Ƙanena ya sami gurbin karatu a Jami'ar Macquarie da ke Sydney ta ƙasar Ostireliya. Da na duba sai na ga sunan nan ya cika ƙasar: banki, titi, kogi, gari, har da tsibiri. An ce wani soja ne mutumin Skotland. Wani ya ce mini jinin sarakuna ne, wani kuma ya ce ɗan talaka ne futuk. Wanne ne gaskiya? Kuma jikokinsa suna nan a Ostireliya?

Amsa: Amin, ɗana. Allah ya ba ƙanen naka sa'ar karatu, ya dawo da shi gida lafiya.

Mutanen nan biyu duk ba su yi maka ƙarya ba, kowa gefe guda ya kama. Lachlan Macquarie, sojan da ya yi gwamnan New South Wales, yankin da Sydney take, ɗan babban gida ne, amma gidan da ya riga ya karye kafin shi ya yi wayo. Ni a ganina wanda bai gane wannan ba, ba zai gane mutumin ba sam, domin kusan duk abin da ya yi a rayuwarsa, mai kyau da maras kyau, yana komawa ga abu ɗaya: yana da suna, ba shi da ƙasa, kuma ya ƙudura sai ya haɗa su biyun ya bar wa magaji. Game da jikoki kuwa, bari in rage maka jira. Bai bar jika ba. Ɗansa tilo da ya girma ya mutu bai haihu ba.

An haife shi ranar 31 ga Janairun 1762 a Ulva, wani ɗan tsibiri da ke yammacin Skotland, maƙale da babban tsibirin Mull, 'yar siririyar mashigar ruwa ce ta raba su. Mutanen wurin ba Turancin Ingila ne harshensu na gida ba, suna da nasu, Gelik. A harshen nan "Mac" na nufin ɗa, saboda haka Macquarie ɗan Guaire ke nan. Mutanen tsaunukan Skotland da tsibiranta a lokacin zuri'a-zuri'a suke zaune, kowace da shugabanta da yankinta, kuma talakan da ke noma ƙasar yana ɗaukar kansa ɗan'uwan shugaban ne na jini, ba bara ba. Zuri'ar MacQuarrie ƙarama ce, ta yi ɗaruruwan shekaru tana riƙe da Ulva, a inuwar manyan maƙwabtanta, wato Maclean. Masu ba da tarihin gidan suna jan salsalarsu zuwa ga Alpin, mahaifin Kenneth MacAlpin wanda ake lissafawa a farkon sarakunan Skotland a ƙarni na tara. Daga nan maganar "jinin sarakuna" ta fito. Amma ka san halin salsala. Kirarin gida ne, gidaje da dama na yankin suna yin irinsa, har da MacKinnon da MacGregor, kuma masana tarihi ba sa ɗaukarsa a matsayin hujja. Abin da yake tabbas shi ne ƙarfin gidan ya soma raguwa tun 1651, lokacin da shugabansu da yawancin mazajensa suka halaka a yaƙin Inverkeithing, suna tare da Maclean a kan rundunar Cromwell, jagoran sojan Ingila na lokacin.

Uban Lachlan, wanda shi ma sunansa Lachlan, ɗan'uwan shugaban zuri'ar ne na ƙarshe, amma kafinta ne kuma manomi ɗan haya a wata gona mai suna Oskamull a Mull. Ya rasu yaron bai kai shekara goma sha biyar ba. Ta wajen uwa aka fi samun tudun dafawa. Margaret Maclaine 'yar'uwar Murdoch Maclaine ce, wanda daga baya ya gaji ƙasar Lochbuie a Mull. Kawun nan shi ya zame wa yaron uba, shi ya kula da tarbiyyarsa, shi kuma ya ja shi zuwa aikin soja.

Ka lura da shekarar 1777, domin abubuwa biyu sun faru a cikinta. A shekarar ne bashi ya ci shugaban zuri'ar, Lauchlan MacQuarrie, har aka sayar da tsibirin Ulva. Tsohon nan, wanda shekara huɗu kafin haka ya sauki shahararrun marubuta Samuel Johnson da James Boswell a gidansa, sai ga shi ya shiga soja yana da shekara sittin da ɗoriya don neman abin kai wa baki. Ya yi tsawon rai, ya haura ɗari kafin ya rasu a 1818, ba tare da ya sake mallakar ko taki ɗaya na tsibirin ba. A cikin 1777 ɗin ne kuma yaro Lachlan, yana ɗan shekara goma sha biyar, ya sami ƙaramin muƙamin hafsa a runduna ta 84, inda kawunsa yake kyaftin, can a Arewacin Amurka lokacin yaƙin neman 'yancin Amurkawa. Gida yana rushewa, yaro yana sa kaki.

Ba shi kaɗai ba ne. Bayan da gwamnatin Birtaniya ta murƙushe tawayen mutanen tsaunuka a Culloden a 1746, ta ƙwace ikon shari'a daga hannun shugabannin zuri'a, ta hana riƙe makami, har tufafin gargajiya ta hana sawa sai ga wanda ya shiga rundunar sarki. Ƙasa ba albarka, haya tana hawa. Samarin yankin sai suka kwarara cikin soja, waɗanda aka ci da yaƙi jiya suka zama su ne ke ci wa daular wasu ƙasashe. Wannan shi ya sa in ka bi tarihin mulkin mallakar Birtaniya za ka yi ta cin karo da hafsoshi da gwamnoni 'yan Skotland fiye da yadda yawansu ya kai. Wanda ya gaji Macquarie a Sydney ma, Thomas Brisbane, soja ne ɗan Skotland.

Zamansa a Amurka ba wani abin a-zo-a-gani. Ya yi gadi a Halifax ta Kanada, ya zama laftana a 1781, ya zauna New York da Charleston da Jamaika, aka gama yaƙi aka sallamo shi gida da rabin albashi a 1784. Ya koma gonar uwarsa. Shekara uku yana nan, sai aka buɗe ɗaukar sabuwar runduna ta 77 mai zuwa Indiya, ya shiga, ya sauka Bombay a 1788.

Indiya ce ta yi shi. Ya shiga yaƙe-yaƙen da Turawa suka yi da Tipu Sultan, sarkin Musulmi na Mysore, ɗaya wanda ya ƙare a 1792, da na ƙarshe a 1799 wanda aka kashe Tipu a birninsa Seringapatam aka wawashe taskarsa. Rabon Macquarie a ganimar fam 1,300 ne. Yana cikin waɗanda suka karɓe Cochin ta Indiya da Colombo ta Sri Lanka daga hannun mutanen Holan a 1795 da 1796. A 1801 aka tura shi Masar cikin rundunar Janar Baird don korar Faransawa, a can ya haɗu da ƙanensa Charles, wanda shi ma hafsa ne kuma ya ji mummunan rauni a yaƙin Iskandariya.

Amma kuɗin da ya fi girma ba daga fagen daga ya zo ba, daga aure ya zo. A 1793 ya auri Jane Jarvis a Bombay, 'yar wani tsohon babban alƙalin tsibirin Antigua da ke yankin Karibiyan. Shekara uku kawai suka yi. Tarin fuka ya kama ta, ya kai ta Macao a gaɓar ƙasar Sin ko iskar teku za ta taimaka, ta rasu a can a watan Yulin 1796. Ya ɗauko gawarta har Bombay ya binne. Ta bar masa fam 6,000. Dukiyar gidan Jarvis kuwa dukiyar Antigua ce, tsibirin rake da bayi 'yan Afirka, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Shi kansa Macquarie a 1795 an sayo masa yara biyu bayi daga Cochin, ya raɗa musu Hector da George. Hector ya ɓace. George ya sami 'yanci daga baya, aka sa masa George Jarvis, ya bi maigidansa ko'ina har ranar mutuwarsa.

To me ya yi da kuɗin? Ƙasa ya saya a Mull. Kawunsa Murdoch shi ma bashi ya kama shi, dole ya yanka wani ɓangare na Lochbuie ya sa a kasuwa, Lachlan da Charles suka saya. Na Lachlan kimanin eka 10,000. Ya raɗa wa wurin Jarvisfield, sunan matarsa marigayiya. Ɗan kafinta ya zama mai ƙasa, yana hangen Ulva daga gaɓa.

Son dangi kuma ya kusa kai shi ƙasa. A zamanin nan ana samun muƙamin hafsa ta hanyar kuɗi ko sanayya, shi kuwa ya yi amfani da matsayinsa ya cusa 'yan'uwa da dama. Har ta kai ya sa sunan yara biyu ƙanana, wani Hector, ɗan ƙanensa Charles, da wani ɗan gidan Maclaine, a matsayin hafsoshi, ana karɓar musu albashi alhali suna 'yan makaranta. Asiri ya tonu, maganar ta kai ga babban kwamandan sojan Birtaniya, Duke na York. Ya sha da ƙyar, aka mayar da shi Indiya a 1805. Na kawo wannan ne don ka ga mutumin yadda yake: a idonsa ba sata ya yi ba, zumunci ya yi, hakkin babba ne ya ɗauki na ƙasa da shi. Naka sai naka. Hukuma kuwa ba haka ta gani ba, kuma ita ce da gaskiya.

Aurensa na biyu ma a cikin gida ya yi shi. Elizabeth Campbell ta gidan Airds ƙanwar matar kawunsa ce, sun haɗu a Lochbuie a 1804 lokacin da kawun yake jinyar ajali. Ya girme ta da shekara goma sha shida. Ta jira shi ya je Indiya ya dawo ta ƙasa, ta Bagadaza da Farisa da Rasha, aka ɗaura aure a watan Nuwamban 1807. 'Yarsu ta fari da aka haifa a 1808 an sa mata Jane Jarvis. Ka ji haƙurin mace: gidan da za ta zauna sunan uwargida marigayiya, 'yar da ta haifa sunan uwargida marigayiya. Jaririyar ba ta wuce wata uku ba ta koma.

Yadda ya zama gwamna kuwa, rabo ne. Ostireliya a lokacin ba ƙasa ba ce yadda ka san ta yau. New South Wales gidan yari ne ba katanga, tun 1788 Birtaniya take jibge fursunoninta a can. Hafsoshin rundunar da ke gadin wurin sun mamaye ciniki, musamman na barasar rake da ake kira ram, wadda ta zama kamar kuɗi saboda ƙarancin tsaba. Gwamna William Bligh ya nemi taka musu birki, ranar 26 ga Janairun 1808 suka yi masa juyin mulki, Manjo George Johnston a gaba, attajiri John Macarthur a baya. Landan ta yanke shawarar aika runduna ta 73 ta maye gurbinsu, kwamandanta kuwa Macquarie ne. An naɗa wani Janar Nightingall gwamna, shi mataimaki. Janar ɗin ya janye saboda rashin lafiya, Macquarie ya rubuta ya nemi kujerar, aka ba shi. Ya kama aiki ranar 1 ga Janairun 1810, ya yi kusan shekara goma sha biyu.

Kalmar "ɗan siyasa" sai a yi hattara da ita a nan. Ba zaɓe, ba majalisa. Abin da gwamna ya faɗa shi ne doka, takarda kuma tana wata da watanni kafin ta kai Landan, amsa ta yi wasu watannin. Shi ne gwamna na ƙarshe da ya yi mulki da irin wannan cikakken iko a can, domin bayan tafiyarsa dokar 1823 ta kafa majalisar ba da shawara. Ya riƙi yankin kamar yadda shugaban zuri'a yake riƙe tsibirinsa: shi ne uba, shi ke rabon ƙasa, shi ke raɗa suna, shi ke yafewa, ba kuma ya son musu.

Ayyukansa suna da yawa, shi da kansa ya lissafa 265. Ya tsara titunan Sydney, ya kafa garuruwa biyar a kan tudu a yankin kogin Hawkesbury saboda ambaliya, cikinsu da Windsor da Richmond. Bayan an keta tsaunukan Blue Mountains a 1813 ya sa aka yi hanya, aka kafa Bathurst a 1815. Babban asibitin Sydney ba da kuɗin gwamnati aka gina shi ba, 'yan kwangila ya ba izinin su kaɗai su shigo da galan 45,000 na barasa, su kuma su gina. A 1817 aka buɗe bankin farko, wanda yau ake kira Westpac, kuma a shekarar ce ya ba da shawarar a riƙa kiran nahiyar Ostireliya a takardun hukuma. Dabararsa da ta fi burge ni ita ce ta kuɗi. Duk tsabar da ta shigo, jiragen 'yan kasuwa sai su kwashe ta. Da aka kawo masa dalar Sifen ta azurfa guda 40,000, sai ya sa aka huda tsakiyar kowace. Zoben ya zama sule biyar, ɗan abin da aka cire ya zama sule da taro. Kuɗi ɗaya ya zama biyu, kuma a waje ba mai karɓarsa a wannan daraja, dole ya zauna gida. Tsofaffinmu da suka ga kwabo mai huji za su gane siffar, ko da yake dalilin ba ɗaya ba ne. Wanda ya yi hudar, William Henshall, jabun kuɗi ne ya kawo shi Ostireliya. Hoton zoben nan shi ne tambarin bankin Macquarie na yanzu.

Maganar Henshall ta kawo mu ga abin da ya jawo masa suna da kuma abokan gaba. Ra'ayinsa shi ne fursunan da ya gama wa'adinsa ko aka yafe masa, ya kuma gyara hali, ya koma mutum kamar kowa. Francis Greenway, wanda aka ɗaure saboda takardar jabu, ya zama mai zanen gine-ginen gwamnati. William Redfern, wanda aka yanke wa hukunci saboda boren sojan ruwa, ya zama likitan gidansa, shi ya karɓi haihuwar ɗansa. Simeon Lord da Andrew Thompson, su ma tsofaffin fursunoni, ya naɗa su alƙalai. Har tebur ɗaya yake zama da su ya ci abinci, yana kuma gayyato hafsoshi su zauna. Turawan da suka zo da ƙafarsu ba a ɗaure ba suka ga wannan cin mutunci ne. Limamin coci Samuel Marsden ya ƙi zama kwamiti ɗaya da su, alƙali Jeffery Bent ya gwammace kotu ta zauna a rufe da a bar lauyoyi tsofaffin fursunoni su tsaya gabansa. Ni ina ganin asalinsa ya yi aiki a nan. Wanda ya taso ya ga shugaban gidansu ya tsiyace, ya ga kansa ya tashi daga gonar haya zuwa manjo janar, ya san matsayi abu ne mai hawa da sauka. Sai dai kada ka ɗauka mai sanyin hali ne. A 1816 ya sa an yi wa wasu 'yantattun mutane bulala ba tare da shari'a ba, don kawai sun ratsa lambun gwamnati.

Tausayin nan kuma yana da iyaka, iyakarsa ita ce 'yan asalin ƙasar. Da farko ya nuna yana son zaman lafiya da su, ya buɗe wa 'ya'yansu makaranta a Parramatta, yana shirya taron shekara-shekara. Amma gonakin da yake rabawa ƙasarsu ce. Da fari ya tsananta, rikici ya ɓarke tsakaninsu da manoma, sai a watan Afrilun 1816 ya tura sojoji da umarnin a kama wanda ya miƙa wuya, a harbe wanda ya ƙi, a rataye gawarwakin maza a bishiya don tsoratar da saura. Kafin asubar 17 ga watan, ayarin Kyaftin James Wallis ya faɗa wa wani zango kusa da Appin. An ƙirga gawa goma sha huɗu, har da mata da yara, wasu harbi, wasu sun faɗa kwazazzabo wajen gudu. An rataye gawa, an yanke kawuna. Appin ɗin nan shi ya raɗa wa wurin, sunan yankin su Elizabeth ne a Skotland. Ƙanenka zai tarar har yanzu ana taron tunawa da ranar duk shekara, ana kuma jayayya a kan gumakansa. Duk wanda ya ba ka labarin Macquarie ya tsallake Appin, rabin labari ya ba ka.

Ƙorafin manyan Sydney ya isa Landan, inda dama ake ganin yana kashe kuɗi da yawa, ya mai da wurin horo ya zama wurin da ɓarawo ba ya tsoron zuwa. A 1819 aka aiko John Thomas Bigge ya yi bincike, rahotonsa ya yi masa kaca-kaca. Ya sauka a ƙarshen 1821, ya bar Sydney a Fabrairun 1822. Ya tarar da mazauna kimanin 11,500, ya bar sama da 38,000.

Komawa gida ba ta yi daɗi ba. Ƙasar da ya ƙwallafa rai a kanta ba ta kawo kuɗi, 'yan haya ba sa iya biya, gidansa da ke Gruline a Mull ɗan ƙarami ne mai danshi. Sauran kwanakinsa ya ƙare su yana kai-komo don wanke sunansa da neman fansho. An amince masa da fam 1,000 a shekara, bai ci ba, ya rasu a Landan ranar 1 ga Yulin 1824. Aka kai gawarsa Mull ta jirgin ruwa.

Yanzu ga magajin. Bayan ɓari da dama, Elizabeth ta haifi namiji a Sydney ranar 28 ga Maris 1814, uban yana da shekara hamsin da biyu. Aka sa masa Lachlan. Ɗan tsufa, ɗa tilo, ɗan gwamna, an shagwaɓa shi iyakar shagwaɓawa. Ya shiga sojan doki, ya faɗa shaye-shaye da caca da bashi. Uwarsa ta rasu a 1835, ya yi aure shekara guda bayan haka, a 1845 ya faɗo daga matakalar bene a gidan Craignish ya mutu, yana da shekara talatin da ɗaya, ba ɗa ba jika. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wannan kam ya yi. Yawancin ƙasar ya yi wasiyyarta ga abokinsa William Drummond, dangi suka kai ƙara ba su yi nasara ba. Jarvisfield ta bar hannun Macquarie shekara ashirin da ɗaya bayan mutuwar wanda ya tara ta.

Ulva ita ma ta dawo gida na ɗan lokaci. Charles, ƙanen gwamnan, ya saye ta a 1825, amma da ya rasu a 1835 bashi ya sa aka sake sayarwa. Sabon mai ita, Francis Clark, da sana'ar ƙona ciyawar teku ta mutu, cutar dankali kuma ta zo a 1846, sai ya kori mutane ya zuba tumaki. Tsibirin da mazaunansa suka haura 500 ya koma kimanin 150 a 1851. Lokacin da al'ummar yankin suka haɗu suka saye shi a 2018, mazaunansa ba su kai goma ba.

Saboda haka in ƙanenka ya haɗu da mai suna Macquarie ko MacQuarrie a Ostireliya ko Kanada, yana iya zama ɗan zuri'ar Ulva, amma ba daga tsatson gwamnan ba. Jami'ar ma ba ta gidansu ba ce, gwamnatin jihar ce ta kafa ta a 1964 ta sa mata sunansa. Kabarinsa yana Gruline, cikin wani ɗan ɗakin dutse da wata hukumar adana kayan tarihi ta Ostireliya take ɗaukar nauyin kula da shi, an rubuta "Uban Ostireliya" a jiki. Mutum huɗu ne a ciki: shi, da Elizabeth, da jaririya Jane, da Lachlan ƙarami.